Minti Goma Daga Gidan Goggo

Ni da bakina na gaya wa Goggo ba za mu kwana ba. Ba matata ce ta sa ni ba, ba kuma yara ba ne, duk da cewa shekara uku ke nan ina neman yadda zan raba laifin da su, abin ya ƙi rabuwa.

Goggo ƙanwar mahaifina ce. Ta zo Birmingham da mijinta tun ina rarrafe. Mijin ya rasu, Allah bai ba su haihuwa ba, dangi suka yi ta fama ta dawo gida, ta ce ita da unguwarta Handsworth mutu-ka-raba. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai Babana. Da na zo ƙasar nan karatu, da jaka ɗaya da wata rigar sanyi da ba ta tare komai, a ɗakinta na sama na sauka. Shekara biyu na yi ina cin tuwonta. Ranar da na cika mako a gidan ta miƙo mini makulli, ta ɗaura masa jan zare don kar in yar. Ta ce, "Ɗan gida ba ya danna ƙararrawa." Na gama karatu, na samu aikin likita a Manchester, na yi aure, muka samu yara biyu, na sauya mota ban san sau nawa ba, amma makullin nan mai jan zare yana haɗe da na kowace motar da na riƙe.

Duk shekara in Kirsimeti ta zo, makarantu suka rufe, asibiti suka ba ni kwanakina, sai mu loda mota daga unguwarmu ta Old Trafford mu nufi wurinta, kwana uku. Ba bikinmu ba ne, amma hutun ai namu ne. Ita kuwa tun watan Nuwamba take fara shiri, tana kira tana tambayar wa ke cin me, kamar ba ita ta yaye yaran da hannunta ba.

To gidan fa sai a hankali. Irin tsofaffin gidajen nan ne da suke manne da juna, siriri, in mutum biyu suka haɗu a matakala sai ɗaya ya koma baya. Banɗaki ɗaya ne, a ƙasa, bayan kicin, ga sanyi kamar cikin firij. Ni da matata a kan wani gado mai kuka, yara a ƙasa kan katifa. A zuwanmu na shekarar da ta gabaci wadda abin ya faru, 'yata babba, lokacin tana da sha huɗu, ta tsaya a matakala ta yi ta ƙorafi da Turancinsu na Manchester, wai ita ta gaji da kwana a ƙasa, wai ƙanenta na shurinta, wai gidan na warin daddawa. Na daka mata tsawa har ta yi kuka. Amma in faɗi gaskiya, ni ma bayana ciwo yake a ranar, kuma a raina cewa na yi yarinyar nan ba ta yi ƙarya ba.

Don haka da shekara ta zagayo, wata rana ina shan shayi a wurin aiki can Oxford Road, na ga hoton wani otal a waya. Tsohon gini ne a tsakiyar Birmingham, tun na zamanin kakanninsu, matakala ta marmara, fitilu na reto daga rufi kamar 'yan kunnen amarya. Kafin shayin ya huce na kama mana ɗaki biyu. Ban tsaya karanta bayanin da ke ƙasa ba. Ni da nake yi wa marasa lafiya faɗa kullum su karanta takardar magani!

Da na nuna wa matata, ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ce, "Goggo fa?"

Na ce, "Bar ni da Goggo."

Ta ce, "To ka gaya mata gaskiya dai."

Na ce, "In ce mata me? Goggo, gidanki ya yi mana kaɗan?"

Duk Bahaushe ya san abin da nake gudu. Mutum ba ya shiga garin da yake da uwa ko goggo ya je ya sauka a otal. In ka yi haka ka faɗa wa duniya ba ka da kowa a garin, ko kuma kana da su amma ba su isa ba. Na san wannan sarai. Maimakon sanin ya hana ni, sai ya koya mini ƙarya. Na kira ta na ce bana asibiti sun sa ni on call, dole in kwana kusa da su ko za a neme ni, saboda haka kullum za mu zo da safe mu koma da yamma. Ta ce, "Awa biyu zuwa, awa biyu komawa, har kwana uku? Kai, mutanen nan ba su da imani." Na ce wallahi kuwa. Har wallahi na ce.

Sai da muka isa otal ɗin na ga abin da ban karanta ba. Ginin dai ba ƙarya, ya amsa sunansa. Ga bishiyar Kirsimeti ta kusa taɓa rufi, ga hotunan wasu tsofaffin Turawa masu gemu suna harararmu daga bango, ga lif mai ƙofar ƙarfe da ɗana ya yi ta hawa yana sauka har na ja masa kunne. Amma ƙasan ginin gaba ɗaya gidan caca ne. Wurin ajiye motoci yana baya, kuma ƙofar da ta fi kusa da shi ita ce wadda aka rubuta sunan gidan cacar a samanta da jar wuta. In ka shiga, caca na hagu, lif na dama. Matata ta riƙe haɓa ta ce, "Tabɗijan! Nan ka kawo mu?" Na ce mu ina ruwanmu, a sama muke. Tun daga nan muka tsara: in sauke su a babbar ƙofa ta gaba, ni in zagaya in ajiye mota in shigo ta baya.

Sau ɗaya na leƙa ciki, da rana tsaka. Ba taga, ba agogo. Wasu tsofaffin mata ne zaune gaban na'urori suna danna maɓalli, ba mai yi wa wata magana. Na girgiza kai na ce Allah Ya shirya, na wuce ina jin kaina wani waliyyi. Na hau sama na nemi alƙibla da waya, na yi azahar a kan tawul, ƙarar na'urorin na tasowa ta ƙarƙashin goshina.

Ranar farko a gidan Goggo ba abin da ya sauya. Na buɗe ƙofa da makullina, ta taso tana "Oyoyo Babana, oyoyo mutanen Manchester," ta rungume yaran, ta tsokani ɗana wai mijin nata ya zo hannu rabbana ko kuɗin cefane bai kawo ba. Muka ci waina da miyar taushe har muka kasa motsi. Duk zaman a falo muka yi shi, ba wanda ya hau sama, tunda banɗaki a ƙasa yake kuma ba kayan da za a kai. Da aka yi magariba, wajen ƙarfe huɗu da wani abu don lokacin sanyi ne, ta fara kora mu. "Ku tashi, ku kama hanya, hanyar nan ba ta da kyau in ta jiƙe." Ta zuba tuwo da miyar kuka a kula, ta cika filas da shayi mai citta don kar in yi gyangyaɗi. Ta biyo mu har bakin mota da silifas a cikin sanyin nan, ta dafa murfin motar tana addu'a. Ta ce, "Babana, in kun isa ka kira ni. Ba zan zauna ba sai na ji muryarka."

Minti goma ya kai mu otal.

Abin da ya fi ci mini rai in na tuna shi ne awa biyun nan. Ba damar in kira da wuri. Sai in zauna bakin gado mai laushi ina kallon agogo, yara na can ɗakinsu suna kallon talabijin, matata ta juya mini baya tana linke kayan da ba su buƙatar linki. Muka ci tuwon a kan farin zanen gado, ƙanshin daddawa ya cika har baranda. Da awa biyu ta cika, har na ƙara minti goma sha biyar saboda cunkoso, na kira. Bugu ɗaya ta ɗauka. Ta ce, "Alhamdulillahi! Ina nan da carbi tun da kuka tafi. Ya hanya?" Na ce hanya lafiya, sai dai ɗan ruwa wajen Stoke. Matata ta waigo ta kalle ni.

Rana ta biyu ma haka aka yi. Na yi barci mai daɗi kuwa, ba zan ɓoye ba. Bayana bai yi ciwo ba ko kaɗan.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Akwai wani direban tasi, mutumin garinmu ne, matarsa na zuwa karatu gidan Goggo duk Lahadi. Ashe layin bayan otal ɗin nan ne inda yake tsayawa jiran fasinja. Ya gan ni ranar farko ina shiga ƙofar nan mai jar wuta, ni kaɗai, ya ce ko mai kama da ni ne. Ya sake ganina rana ta biyu. Ya faɗa wa matarsa, matarsa ta kasa haɗiyewa.

Rana ta uku, bayan mun ci abincin rana, Goggo ta ce wa matata ta ɗauki yara su je shagon kan kwana su sayo mata madara. Madara kuwa na gani da idona a firij. Da ƙofa ta rufe sai ta kashe talabijin, ta jawo kujera ta zauna dab da ni, gwiwarta na taɓa tawa.

Ta ce, "Babana, tun yaushe ka fara?"

Na ce, "Na fara me, Goggo?"

Ta ce, "Kar ka yi mini haka. An gan ka. Sau biyu, a ƙofar gidan caca, a lokacin da kake ce mini kana kan hanya." Ta gyara zama. "Na kori wadda ta kawo mini maganar, na ce ƙarya take yi, ɗana ba ya wannan. Amma na zauna na yi tunani. Jirgin ƙasa kake sa su su tafi, kai ka tsaya, ko? Da safe ka tarbe su a tasha. Ita kuma matarka, baiwar Allah, tana rufa maka asiri."

Na buɗe baki, ta ɗaga mini hannu.

"Ban kira ka don in yi maka faɗa ba. Jarrabawa ce, ta kama waɗanda suka fi ka. Ba wanda zai ji a gida, ko mahaifinka ba zai ji daga bakina ba. Amma ka yi mini alkawari ɗaya. Duk ranar da abin ya taso maka, ko ƙarfe nawa ne, kar ka nufi can, ka nufo nan. Kana da makulli. Ɗakinka na nan. In zauna da kai har ya sake ka." Ta kama hannuna da hannuwanta biyu. "Ni ce uwarka a ƙasar nan. In ban ɗauki wannan ba, me zan ɗauka?"

Da mai hankali ne a wurin, da ya sunkuyar da kai ya yi kuka. Ni kuwa zuciya ce ta ɗebe ni. Ni? Caca? Ni da na je Makka sau biyu, ni da ake ba wa limanci in liman bai zo ba, a ce wani direban tasi na yawo da sunana a Handsworth? Na zare hannuna, na laluba aljihu, na fito da katin buɗe ɗakin otal, na ajiye mata a kan tebur kamar wanda ya ci shari'a.

Na ce, "Haba Goggo! Yanzu har kin yarda zan yi caca? Otal ne a saman wurin! A can muke kwana, ni da su duka. Ƙofar ce kawai ɗaya."

Ta kalli katin. Ba ta taɓa shi ba.

Ta ce, "Otal."

Na ce, "Eh."

"A garin nan?"

Sai a lokacin na ji abin da na faɗa. Wallahi sai a lokacin.

Ta ce, "Daga nan zuwa can, minti nawa ne?"

Na ce, "Kamar goma."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta mai da hannuwanta kan cinyarta, ta gyara ɗankwali. Ta ce, "To alhamdulillahi da ba caca ba ce." Ta tashi ta mayar da kujerar inda take, ta shiga kicin, na ji ta kunna famfo.

Na kasa zama a falon. Na ce bari in yi la'asar a sama, ban ma san ko ta ji ni ba. Na hau matakalar, na tura ƙofar tsohon ɗakina. Ƙanshin sabon fenti ne ya fara tarbata. An fitar da gadon nan mai kuka, an sa sabo. Na leƙa ɗan ɗakin da ke kusa, wanda na sani cike da akwatuna da tsofaffin kayan marigayi. An kwashe komai. Gado biyu ne ƙanana a ciki, ɗaya a kowane bango, an sa labule a tsakani don kar wani ya shuri wani. Ga sabuwar hita ta ɗumama ɗaki ko ledarta ba a gama cirewa ba. A kan gadon da ke kusa da taga an shimfiɗa bargo shuɗi, kalar da 'yata ke so. Ashe duk abin da yarinyar ta faɗa a matakala bara ya shiga kunnenta. Mace ta yi shekara arba'in a Ingila, mu muna zaton Turancin yara ya fi ƙarfinta. Kuma kwana uku muna zuwa muna tafiya ba ta ce mu hau mu gani ba, don kar in ji nauyi, tunda a saninta aiki ne ya hana ni kwana.

Sallar nan ban san me na karanta a cikinta ba.

Na sauko na same ta tana zuba tuwo a kula kamar kullum. Na durƙusa a bakin ƙofar kicin, ni da furfurata. Na ce, "Goggo, ki yafe mini. Yau a nan za mu kwana. Yanzu zan je in kwaso kayanmu."

Ta ce, "A'a, kun riga kun biya, kar a yi asara." Ba faɗa a muryarta, ba komai. Da ta zage ni da na ji sanyi. Ta rufe kular, ta ɗaure ta da ɗankwali, ta ce, "Ai ba komai. Yaran zamani ne, sun saba da fili."

Na ce, "Ba yaran ba ne, ni ne."

Ta ce, "Na sani."

Da su matata suka dawo da madara, kallo ɗaya matata ta yi mana ta gane. Aka yi magariba, muka tashi. Goggo ta rako mu bakin ƙofa, ba ta fito wajen mota ba, ta ce sanyi na damun gwiwarta. Ina sa takalmi ta ce, "Af, Likita, in ba damuwa bar mini makullin nan. Mai gyaran hita zai zo ran Litinin, ina so in bar masa wurin maƙwabta."

Likita. Tunda nake ban taɓa jin kalmar a bakinta ba. Na tsaya ina fama da zoben makullan, farcena ya kasa buɗe shi, sai matata ce ta karɓa ta cire. Jan zaren ya riga ya koɗe ya koma ruwan ƙasa. Goggo ta karɓa ta sa a aljihun rigar sanyinta.

Matata ta ce mini a mota, "Da ka yi shiru ka karɓi cacar." Na yi mata tsawa a lokacin. Amma na sha juya maganar. Goggo ta shirya ɗaukar ɗan caca, ta rufa masa asiri, ta zauna da shi har ya warke, kuma na ga idonta, ba ta ji tsoron aikin ba. Abin da ban bar mata wurin ajiyewa ba shi ne ɗan da ya ƙoshi, yake lafiya lau, ya zauna minti goma daga ƙofarta yana kallon agogo, ita tana can tana ja masa carbi. Ba na cewa da na ƙara ƙarya a kan ƙarya. Ina dai cewa sunana na tsaya wankewa, ban ko kalli wadda ke riƙe da hannuna ba.

Na roƙe ta ba sau ɗaya ba. Na sa mahaifina ya yi mata magana daga Kano, ta ce masa ita ba ta riƙe ni da komai ba, me aka yi? Da Kirsimeti ta sake zagayowa na kira tun Nuwamba na ce bana kwana uku za mu yi mata. Ta ce ayya, ɗakunan sun cika da kaya, ba wurin. 'Yata da kanta ta karɓi wayar, ta haɗa 'yar Hausar da take da ita ta ce, "Goggo, ina so in kwana a gidanki." Goggo ta yi dariya ta ce Allah Ya yi mata albarka, ta tambaye ta makaranta.

Har yanzu muna zuwa. Ina danna ƙararrawa, mu tsaya a sanyi muna jin takunta a hankali daga falo. Tana karɓarmu da fara'a, tana yin waina, tana zuba mana a kwanukan nan masu fure da take ajiye wa baƙi. Yanzu da gaske muke komawa Manchester a ranar, awa biyu cur. Zuwanmu na ƙarshe na yi ta jan jiki a bakin ƙofa, na ɗaure igiyar takalmi na kwance na sake ɗaurewa, ina jira ta ce in mun isa in kira ta. Ta ce, "Allah Ya kiyaye hanya, Likita, a gaida gida." Ta tura ƙofa, na ji ta murza makulli daga ciki.